Muryar Inna da Aka Goge

Ni malamin gona ne. Aikina iri ne da taki da maganin tsutsar wake, da yawo a kan babur daga Birnin Kudu zuwa ƙauyukan da ke kewaye, har cikin ƙasar Gwaram inda aka haife ni. Ban taɓa tsammanin wata rana zan zauna gaban lauya ina tambayar ko laifi ne mutum ya kwafi faifan da ya saya da guminsa ba. Wani mutum ne ya kai ni ga haka. Ba zan ambaci sunansa ba, ba don ina rufa masa asiri ba, sai don 'ya'yansa ba su yi mini komai ba. Ciyaman muke kiransa, domin shi ne shugaban wata ƙungiya ta masu sayar da faifan bidiyo a yankinmu.

Na yi shekaru ina ciniki a shagonsa. Shagon yana bakin kasuwa, ƙarami ne amma a cike yake, ga fastoci a bango, ga talabijin a ƙofa kullum tana kunne. Ina son kallo, ban taɓa ɓoyewa ba. Duk ƙarshen wata sai na tsaya na zaɓi faifai ɗaya ko biyu, na barkwanci ko na tarihi ko na rikicin gida. Ciyaman yana da wata al'ada. Duk faifan da ya sayar sai ya buga hatimin shagonsa a bayan kwalin, ya hura tawadar ta bushe, ya miƙo da hannu biyu yana cewa, "Malam, wannan na asali ne. Ni ba na taɓa jabu." Na yarda da shi. Sahu ɗaya muke tsayawa ranar Juma'a, ya zo sunan 'yata, ni ma na je ta'aziyyar ƙaninsa.

Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, tana zaune a Fagam a gidan da mahaifinmu ya bari, ƙanwata ce ke kula da ita. Wata damina ta faɗi a tsakar gida, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Bakinta bai taɓu sosai ba, hankalinta kuwa garau, amma matar da ba ta taɓa iya zama wuri ɗaya ba sai ga ta kwance daga safe har yamma tana kallon azara. Na so in dawo da ita Birnin Kudu, ta ƙi. Ta ce a ɗakin nan mijinta ya rasu, ba za a ɗauke ta kamar buhun gero ba.

Wuta ba ta zama a can, don haka na'urar kunna faifai ba ta da amfani. Abin da ke akwai shi ne ƙaramin sola da ƙanwata ke cajin waya da shi. A lokacin ina da kwamfuta irin ta ɗorawa a cinya, wadda na saya don rubuta rahoton aiki. Wani abokin aikina ya nuna mini yadda ake juye faifai a cikinta, a matse shi ya zama ƙarami, a tura shi a memori. Sai na ɗauko kwalin faya-fayaina na bi su ɗaya bayan ɗaya ina juyewa. Na saya wa Inna waya mai faɗin fuska, ƙanwata ta riƙa jingina mata ita a jikin matashi. Akwai wani fim na barkwanci da ta kalla ya fi sau ashirin. Idan ta yi dariya gefe ɗaya na bakinta ne kawai ke ɗagawa, amma dariya ce, kuma mun yi watanni ba mu ji ta ba.

Duk mako biyu nake zuwa. Wata rana ina zaune a bakin katifarta da kwamfutar a cinyata, sai ta fara ba ni labarin shekarar da aka yi yunwa tana amarya, yadda suka ci ganyen da ko akuya ba ta so. Na danna wurin ɗaukar hoto ba tare da na gaya mata ba. Da ta gama na kunna mata, ta ga kanta, ta ce, "Wannan tsohuwar fa? Kai, a ba ta ɗankwali mai kyau."

Daga ranar ya zama aikinmu. Ƙanwata ta ɗaura mata ɗankwali, ni in buɗe kwamfuta, ita kuma ta yi ta magana. Ta lissafa kakanninmu har zuwa wanda ya fara sare dajin da ya zama gonarmu. Ta rera waƙar da suke yi a kan dutsen niƙa. Ta faɗi yadda aka yi ta haife ni a hanyar dawowa daga rafi, abin da ba ta taɓa gaya mini ba. Ta yi wa jikokinta addu'a ɗaya bayan ɗaya da sunayensu. Wani lokaci ta tsaya ta ce, "Wannan akwatin naka ba ya gajiya da surutun tsohuwa?" Sai in ce ba ya gajiya, Inna, ci gaba. Kusan shekara muna haka. Kuma ban ajiye ko ɗaya a wani wuri dabam ba. Ni da na kwafi faifan kowa, ban kwafi na uwata ba. Wannan laifina ne, na ɗauke shi tun tuni.

A wannan lokacin kasuwar faifai ta fara mutuwa. Kowa ya koma kallo a waya. Wata la'asar muna zaune a majalisarmu ƙarƙashin dalbejiya, Ciyaman yana nan, sai wani ya yi kukan cewa yaransa sun kakkarce masa faifai, sau uku ke nan yana sayen fim ɗaya. Ni kuma bakina bai iya shiru ba. Na ce ai ni na huta da wannan, na juye nawa duka a kwamfuta, faifan yana kwali ba mai taɓa shi. Mutum biyu suka ce in koya musu. Ciyaman ya miƙe. Ya karkaɗe rigarsa ya ce zai je ya rufe shago.

Bayan kwana tara, ranar kasuwa, na tsaya sayen albasa da jakar kwamfutar a kafaɗata. Sai na ji an riƙe sitiyarin babur ɗina. Mutum huɗu ne sanye da 'yar shara iri ɗaya mai ɗaukar ido, da rubutun ƙungiyarsu a baya. Ciyaman yana tsaye a bayansu.

Na ce, "Ciyaman, lafiya?"

Bai dube ni ba. Jama'a ya juya ya fuskanta, ya ɗaga murya. "Jama'a, ku shaida. Irin waɗannan ne suke kashe mana sana'a. Ma'aikacin gwamnati ne, ana ganinsa da mutunci, amma ɓarawon fasaha ne. Fina-finan mutane ne cike a cikin jakar nan, yana kwafa yana rabawa ƙauye-ƙauye."

Na ce, "A wurinka na saye su. Duk wanda ke ciki a shagonka na saya."

"Faifai na sayar maka, ban sayar maka da iznin kwafa ba."

"Uwata nake kai wa. Ka san ba ta da lafiya."

"Doka ba ta san uwar kowa ba," in ji shi.

Kasuwa ta taru a kanmu. Akwai manoman da na yi shekaru ina koya musu tazarar shuka, suna tsaye suna kallona ana fizgar jaka daga kafaɗata. Wata mata mai sayar da daddawa ta ce, "Ashe Malam ma?" Wannan maganar ta fi fizgar jakar yi mini ciwo. Na roƙe shi, kuma har yau idan na tuna na roƙe shi sai in ji haushin kaina. Na ce ya goge fina-finan a gabana idan yana so, amma akwai hotunan mahaifiyata a ciki. Ya ce kwamiti zai duba.

Kwana uku ina zarya. A na huɗu mai unguwarmu ya sa baki, aka aiko mini da kwamfutar gida. Na buɗe ta a zaure. Sabuwa fil, kamar yau aka fito da ita daga kwali. Babu fim, babu rahoton aiki, babu Inna. Na je shagonsa da ita a hannu. Yana zaune yana cin gyaɗa. Ya ce, "Mun tsaftace maka ita. Ka gode wa Allah ba mu kai ka gaba ba."

Akwai wani mai gyaran kwamfuta kusa da tasha, Kirista ne mutumin kudancin Kaduna, ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasunmu. Oga muke ce masa. Ya riƙe kwamfutar mako guda. Da na koma ya cire tabarau ya ce, "Malam, wanda ya yi wannan ya san abin da yake yi. Ba gogewa kawai aka yi ba, an goge sannan aka cika wurin da tarkace aka sake gogewa." Abin da ya iya cetowa shi ne hotuna goma sha ɗaya na ganyen wake da tsutsa ta ci.

Na ce ba komai, Inna tana da rai, zan sake ɗauka da waya. Ban kai ga zuwa ba ƙanwata ta kira ni da hantsi tana kuka. Ciwon ya sake bugun Inna, wannan karon ya tafi da bakin. Ta yi wata guda da 'yan kwanaki tana kallonmu da ido, tana motsa leɓe ba abin da ke fita. Sannan ta rasu.

Ciyaman ya zo ta'aziyya har Fagam. Ya zauna a kan tabarma ya ɗaga hannu ya yi addu'a, ya miƙo mini hannu na karɓa. A lokacin da tafinsa ke cikin nawa na yanke shawarar sai na ga bayansa. Ban san ta yaya ba tukuna.

Bayan sadakar arba'in na ɗauki kwalin faya-fayaina na tafi wurin wani lauya da muka yi makarantar sakandare tare. Na zube su a kan teburinsa, na nuna masa hatimin, na ce ya gaya mini gaskiya, na yi laifi ko ban yi ba?

Ya ce, "Sayarwa laifi ne, babu tantama. Rabawa jama'a ma haka. Wanda ya juye abin da ya saya don amfanin kansa kuwa, doka tana da sassauci a kansa, sai dai ba a buɗe take gaba ɗaya ba. Idan faifan yana da makullin hana kwafa ka karya shi, akwai magana. Sannan memorin da ka kai Fagam, wani lauyan zai ce ya fita daga hannunka, ya zama rabawa."

"Uwata ce fa."

"Na sani. Ni ina gaya maka abin da za a iya faɗa a gaban alƙali ne. Abin da ba shi da ja shi ne, ba su da ikon ƙwace maka kaya a kasuwa, balle su goge. Kana iya kai ƙara. Za a daɗe ana yi, ƙila a ƙarshe a ce su ba ka haƙuri."

Na ce ba haƙuri nake nema ba. Ya dube ni ya ce to shi iyakar abin da ya karanta ke nan.

Daga can na wuce shagon Oga, da nufin in sake juye faya-fayan duka, ko don in huce. Oga ya zaro ɗaya daga kwalinsa zai saka a na'ura, sai ya tsaya. Ya juya bayansa ya kara a hasken ƙofa. Ya zaro na biyu, ya zaro na uku.

"Malam, a matsayin na asali aka sayar maka da waɗannan?"

"Ga hatimi nan."

"Dubi nan. Na kamfani bayansa fari ne kamar azurfa. Wannan kuwa ka ga yana ɗaukar shuɗi-shuɗi da ja? Faifan banza ne da ake saya a kwali, a ƙona fim a kai. Kwalin ne kawai mai kyau."

Muka bi su duka. A cikin tarin nan, bakwai ne kawai na asali, su ma na farko-farkon cinikinmu ne. Na zauna a kan bencin Oga na yi dariya har ya tsorata ya kawo mini ruwa.

Ban gaya wa kowa ba, ko matata. Na ci gaba da gaisawa da Ciyaman, har na koma shagonsa na sayi sabon faifai. Ya yi mamaki, sannan ya saki jiki, ya ɗauka na rusuna. Ya buga hatimi ya hura, na yi godiya. Bayan faifan shuɗi ne. Abin da ya rage in sani shi ne inda ake ƙona su, domin shagon ba shi da ɗakin baya, gidansa kuma a tsakiyar unguwa yake.

Aikina ne ya ba ni amsa. Da kaka ta gabato na je Zandam duba wata gonar shinkafa da tsuntsaye suka addaba. Tun daga nesa na ga gonar tana walƙiya. Manomin ya ja igiyoyi daga wannan kunya zuwa waccan, ya rataya faya-fayai suna juyawa a iska don korar jan-baki. Na saba ganin haka, amma guda biyar ko goma, tsofaffi da suka karce. Waɗannan sun fi ɗari, kuma ba rubutu ko hoto a fuskarsu. Na tsinko ɗaya na juya. Shuɗi.

Na ce, "Baba, ina ka samo wannan arziki haka?"

Ya ce, "Ai kyauta ne, Malam. Bayan siton Alhaji ake zubar da su, waɗanda suka lalace. Kowa ɗiba yake."

"Wane sito?"

Ya nuna mini da sandarsa. Wani gini ne na bulo a gefen gari, an ce na ajiyar riɗi ne. Mai shi surukin Ciyaman ne, wan matarsa. Baba ya ƙara da cewa shi dai bai taɓa ganin riɗin da ke bukatar janareto ba.

Wata uku na yi ina bin abin a hankali. Duk lokacin da aiki ya kai ni wajen sai in bi ta gaban siton, in lura da ranar da janareto ke aiki da ranar da motar Ciyaman ke zuwa. Na gano ana ƙona su farkon mako, a kwashe su a buhunan riɗi, a kai shago da safiyar ranar kasuwa. Na bi kasuwannin ƙauye har Surko ina sayen faifai daga masu tebur da ke sari a wurinsa. Ban taɓa yin wani aiki da natsuwa irin wannan ba, har aikin da gwamnati ke biyana a kai. Matata ta lura ina cin abinci sosai, ta ce Alhamdu lillahi na fara dangana. Ban gyara mata ba.

A bayan kowane kwali akwai adireshin waɗanda suka shirya fim ɗin. Na zaɓi kamfanin da fina-finansa suka fi yawa a tarina, na ɗauki hutun kwana biyu na tafi Kano. Mai kamfanin mace ce, wata Hajiya mai kaifin ido, a wani ofis da rabinsa ya zama wurin ajiyar faya-fayan da ba su sayu ba. Na ajiye mata kwalina da hotunan siton da na ɗauka da waya. Ta daɗe tana juya wani faifai a hannu, fim ɗinta ne da ta ce ta sayar da filinta kafin ta gama shi.

Ta ce, "Wannan mutumin har takardar yabo muka ba shi a kan yaƙi da masu satar fasaha. Kai kuma me ya haɗa ka da shi? Ban ga alamar don Allah ka zo ba."

Na ba ta labari duka, ban rage komai ba, har juyewar da na yi. Ta saurara, sannan ta ce, "Malam, ba zan yi maka ƙarya ba. Ni ma ba na son abin da ka yi. Yau ka juye wa mahaifiyarka, gobe maƙwabciya ta ce a tura mata, jibi yana wayar gari duka. Da haka muka mutu. Amma da ni ka tambaya, da na ce ka kai wa tsohuwa. Allah ya jiƙanta."

Na ce amin. Na ce abu ɗaya nake roƙo, idan za a zo, a zo ranar kasuwa bayan azahar, lokacin da ta cika.

Ta ɗan yi murmushi ta ce, "Kai ba ka da sauƙi."

Sun ɗauki mako biyar kafin su haɗa takardun kotu da jami'an da abin ya shafa. Ranar da za su zo Hajiya ta kira ni da safe. Na yi wanka na sa farar shaddata ta Juma'a, na tafi kasuwa a ƙasa. Na sayi rake na tsaya a inuwar rumfar da ke kallon shagonsa.

Mota biyu suka zo. Ɗaya ta riga ta biya ta Zandam, an ɗoro injinan ƙona faifai a bayanta, dogaye kamar akwatin kaji, kowanne da bakuna goma. Aka fara fito da buhunan riɗi daga shagon ana zazzagewa a ƙasa, faya-fayai suna zubowa suna walƙiya a rana. Kasuwa ta watse ta dawo ƙofar shagon. Ciyaman ya fito ba hula, yana cewa shi ne shugaban ƙungiya, a kira Kano a tambaya. Hajiya ta sauko daga mota ta ce, "Ga Kanon nan ta zo da kanta."

Da za a saka shi a mota ya ɗaga kai yana neman wanda zai sa baki, sai idonsa ya faɗa a kaina. Na ɗaga masa raken da ke hannuna kamar mai gaisuwa. Na ga lokacin da ya gane. Ba zan ce ban ji daɗi ba. Na ji daɗin da ban taɓa jin irinsa ba. Na tsaya har motocin suka ɓace, na shanye raken tas, sannan na koma gida na ce wa matata ta dafa mana shinkafa da kaza.

Shari'ar ba ta yi tsawo ba, domin ya amsa laifinsa aka sasanta. Bai yi zaman gidan yari mai yawa ba, amma shagon ya tafi, motar ta tafi, ƙungiyar ta tsige shi, surukinsa kuma ya daina yi masa magana. Gari ya san ni ne, ban kuwa musa ba. Wasu suka ce na yi daidai. Wasu suka ce na wuce gona da iri, mutum mai iyali. A majalisa aka rage sakin baki idan ina wurin.

Bayan wata biyu mai unguwa da limaminmu suka kawo shi zaurena. Ya rame, rigar ta yi masa yawa. Liman ya yi nasiha mai tsawo a kan yafiya, sannan ya ce Ciyaman ya yi magana.

Ya ce, "Malam, na cuce ka. Tsoro ne ya sa ni. Na ga idan mutane suka koyi abin da kake yi, na gama. Wallahi ban san abin da ke ciki ya kai haka ba."

Na ce, "Na gaya maka a kasuwa, a gaban mutane."

"Ka gaya mini."

"Ka buɗe ka gani kafin a goge?"

Liman ya ce a bar tone-tone. Na ce a'a, Malam, ina son in ji. Ciyaman ya sunkuyar da kai ya ce ya buɗe ɗaya. Ya ga tsohuwa da jan ɗankwali tana waƙa.

"Wace waƙa?"

"Ban riƙe ba."

"Ko baiti ɗaya?"

"Ban saurara ba, Malam."

Na tashi na ce wa liman da mai unguwa na gode da tattaki, Allah ya saka da alheri, amma ban yafe ba, kuma ba zan ce na yafe da baki don a ji daɗi ba. Liman ya ce in ji tsoron Allah. Na ce ina ji, shi ya sa ba zan yi ƙarya a gabansa ba.

Yanzu Ciyaman yana sayar da fetur a kwalba a bakin hanyar Gwaram. Duk lokacin da zan wuce sai na rage gudu na ce, "Ciyaman, ya kasuwa?" da ƙarfi, don na kusa su ji. Ba na saye a wurinsa ko da tankina ya kusa ƙafewa. Ƙanwata ta ce Inna ba za ta so haka ba. Wataƙila gaskiyarta ne. Ni dai na san Inna ta yi shekara talatin ba ta gaisa da matar da ta taɓa yi mata ƙazafin satar akuya ba, don haka ban tabbata ba.

Bara ya kwanta ciwo, aka ce hawan jini ne, ya yi mako uku a gida. Mutanen unguwa suka yi ta zuwa dubiya, ni ban je ba. Wata la'asar na dawo daga aiki da wuri, na haɗu da matata a ƙofar gida da mayafi, tana riƙe da kwanon kunu a lulluɓe. Ta tsaya. Na san inda za ta, ita ma ta san na sani.

Ta ce, "Matarsa ƙawata ce tun kafin wannan abin."

Na ce, "Ban tambaye ki ba."

Na matsar da babur ɗin na ba ta hanya ta wuce. Da ta dawo ta ce ya tambaye ni, ya ce a gaishe ni. Na ce ta zuba mini ruwan wanka.